Kofi Biyu, Numfashi Ɗaya

A Punta Arenas iska ba ta sallama.
Takan banko ƙofar laburare, ta hau tebur ta bincike min takardu.
Labari talatin da ɗaya aka kawo gasar bana.
Na sheƙe, na tankaɗe, biyu suka rage a faifai,
kuma dukansu a kan tsoro.

Na farko na Nibaldo Oyarzún ne,
mai ɗaure igiyar jirgin fito a bakin mashigi.
Rubutunsa kamar da kuɗinsa yake sayen kowace kalma.
Mutum ya dawo gida. Ya kunna fitila.
Kofi biyu a kan tebur. Ya taɓa. Da ɗumi.
Shekara tara ke nan shi kaɗai yake kwana.
Shafi ɗaya da rabi, ya ajiye alƙalami.
Na bi layi-layi da yatsa ina neman kalmar tsoro,
ko da wasa bai ambace ta ba.
Fili kawai ya bari tsakanin aya da aya,
daidai faɗin da wani zai raɓe a ciki
ba a gan shi ba.

Na biyu na Eulogia Cárcamo,
da ta shekara arba'in tana kwanan zaune a asibiti.
Jimla ɗaya ce tal, shafi biyar,
waƙafi na tura waƙafi kamar tumaki a ƙofar shinge,
mace kwance a gefen mijinta tana ƙirga numfashinsa,
ta kai ɗari biyu lissafi ya kwance, ta tuna bashin mai gas,
ta tuna rigar da ya ara ran da ya fara zuwa gidansu,
ta koma ɗaya, biyu, ta kasa kunne, uku ya yi jinkiri,
ita kam sau goma sha bakwai ta kira tsoro da sunansa,
ta ba shi kujera, ta san ƙafar da yake ɗingishi da ita.
Sai a shafi na huɗu na gane abin da ya hana ta ɗiga aya:
in jimlar ta tsaya,
wa ya san me zai tsaya tare da ita.

Ba wai ba su da aibu ba.
Nibaldo marowaci ne, har sunan mutumin ya hana ni,
kuma can ƙasan shirunsa ina jin ƙamshin dabara.
Eulogia takan jera sifa uku inda ɗaya ta wadatar.
A shafi na uku na ɓace mata, na tashi na dafa shayi,
na dawo na tarar ba ta ma san na fita ba.

Herminia mai shara ta ce, ba wanda ya fi firgita ka mana.
Na ce, ai nan gizo ke saƙar.
Ɗaya ya dake ni sau guda a ƙeya ya gudu,
ɗaya ko taɓa ni ba ta yi ba, zama ta yi kusa da ni
har na manta yadda nake haɗiyar yawu.

Na rufe laburare ƙarfe tara, takardar sakamako fara fat.
Na hau tudu iska na ja min kwat.
A gida, kafin in cire takalmi, na leƙa tebur.
Kofi ɗaya. Na taɓa shi duk da haka.
Sanyi ƙalau. Na yi wa kaina dariya, gajeriya.

Matata ta riga ta yi barci, fuskarta ga bango.
Na kwanta a hankali, na ja bargo,
na ce gobe Nibaldo zan ba, magana ta ƙare.
Can na ji leɓena na motsi cikin duhu,
sittin da ɗaya, sittin da biyu,